Igiyar fatsa mai nutsewa: wacce za ka ɗaura wa doguwar sandar kifin salmon?

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Aberdeen ta ƙasar Sikotilan ya kira ni wata Asabar bayan isha'i, ina zaune a ƙofar gida a Nima. Ya sayi sandar fatsa ta hannu, mai tsawon ƙafa 14, irin wadda ake riƙewa da hannu biyu, an rubuta 9/10 a gindinta, wato lambar nauyin igiyar da ta dace da ita, kuma yana so ya shiga kogin Dee da zarar an buɗe kamun salmon ranar 1 ga Fabrairu. Ya ce, "Kawu, na shiga kanti na tarar da igiyoyi masu nutsewa cike da bango, kowacce da lambarta. Wacce zan ɗauka? Kuɗin guda ɗaya ko biyu kawai nake da shi."

Ya san inda ya kawo tambayarsa. Na yi shekaru ina aiki a tashar jiragen ruwa ta Aberdeen ɗin kafin in dawo gida Accra, kuma a bakin Dee ɗin na koyi wannan fatsa a hannun wani dattijo mai kula da kogi, irin waɗanda suke kira gili. Amsar da na ba yaron a waya ta yi gajarta, shi ya sa na zauna na rubuta ta yadda ya kamata, don shi da duk wani ɗan zango da ya tsinci kansa a gaban bangon nan.

Ga wanda bai san sana'ar ba: a fatsarmu ta Weija ko ta bakin Volta, dalma ce ke ɗaukar ƙugiya ta kai ta nesa, zaren kuwa binta kawai yake yi. A wannan fatsar babu dalma. Ƙugiyar an yi mata ado da gashin tsuntsu da na dabba, ana kiranta ƙuda, kuma ba ta da nauyin da za ta kai kanta ko'ina. Nauyin igiyar ne ke tanƙwara sanda, shi ke kai ƙudan tsakiyar kogi, shi kuma ke yanke zurfin da zai yi iyo. Saboda haka wanda ya kuskure igiya ya kuskure komai, ko da sandarsa ta fi ta kowa tsada.

Sai kuma halin kifin. Salmon idan ya baro teku ya shigo kogi don ya yi ƙwai, ba ya cin abinci. Yana cafkar ƙuda ne don ya tsone masa ido, ba don yunwa ba. A ruwan Fabrairu, lokacin da ma'auni ke nuna digiri 3 ko 4, jikinsa a mace yake, yana kwance kusa da ƙasa, ba zai taso ya bi abin da ke gudu a sama ba. Tsohuwar ƙa'idar masunta na Sikotilan ita ce: ƙasa da digiri 9, babban ƙuda da igiya mai nutsewa, sama da haka, ƙaramin ƙuda kusa da saman ruwa. Ba aya ba ce, na ga kifi ya karya ta, amma mai farawa ya riƙe ta zai huta.

Yanzu ga abin da nake so yaron ya gane kafin ya taɓa aljihunsa. Kowa yana zaton aikin igiya mai nutsewa shi ne kai ƙuda ƙasa. Rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin, wanda a wurina ya fi nauyi, shi ne rage masa gudu. Ruwan kogi ba gudu ɗaya yake yi daga sama har ƙasa ba: na sama shi ne mai gaggawa, na kusa da duwatsu a hankali yake tafiya. Igiyar da ke yawo a sama tana cikin ruwa mai gaggawa, ruwan zai yi mata ciki ya fizge ta, ita kuma ta fizgi ƙudan ya wuce gaban kifin kamar mai okada. Igiyar da ta shige ƙarƙashin wannan ruwan tana ratsa kogi sannu sannu, ƙudan ya daɗe yana rawa a gaban kifin. Sannu ba ta hana zuwa, kuma a ruwan sanyi ita ce ma ke kawo cafka. Da wannan ma'aunin nake auna duk igiyoyin da ke bangon kantin.

Lambobin ba su da wuya. Suna nuna, kusan-kusan, incin da igiya ke nutsewa a daƙiƙa ɗaya: lamba 3 kamar inci 3, lamba 6 kamar inci 6. Wadda ake kira matsakaiciya ba ta wuce inci 1 zuwa 2. Amma a ruwan da ke tsaye ake wannan awon. Lamba 3 da aka bari daƙiƙa 10 a tafki ta yi inci 30, ko mita ɗaya ba ta kai ba, to ina ga kogin da ke ture ta yana ɗaga ta? Kada lambar kwali ta sa ka ɗauka ƙudanka yana goga ƙasa. Sau da yawa yana can sama da inda kake zato.

Tsohuwar hanya ita ce doguwar igiya mai nutsewa daga farko har ƙarshe, mita 30 ko fiye, siririya a bakin nan da bakin can. Wet Cel 2 ta kamfanin Scientific Anglers ita ce ta yi suna, da ita dattawa suka yi ta kama kifin farkon shekara a kogunan Tay da Tweed da Dee, da sanduna masu ƙafa 15 da 16. Wajen rage gudu har yau babu abin da za a ce mata, tana tafiya a ruwa kamar ba ta so. Tana da wata fa'ida kuma da matasa ba su sani ba: tunda ba a janyo ta da hannu bayan kowace jifa, ba ta kwaso ruwa cikin zobban sanda, don haka zobban ba sa saurin daskarewa ranar da ƙanƙara ta sauka. Amma fito da ita daga ruwa aiki ne na ƙarfi. Dole ka fara mirgino ta sama da jifa ɗaya ko biyu kafin ka yi jifar gaske, kuma haka za ka wuni. Da irinta na karya sandata ta farko. Wani mai kanti ya sayar mini da ita bai gaya mini komai ba, na zo na ɗaga ta kai tsaye tana nutse, gaɓa ta biyu ta tsage a hannuna. Na yi wata biyu ina tara kuɗin wata. Ban ba yaron shawarar ta ba, kuma yanzu ma da wuya ya gan ta a kanti.

Abin da ya maye gurbinta shi ne raba igiya gida biyu: gajeren kai mai nauyi a gaba, da siririyar jela a baya wadda ke bin kan idan ya tashi. Ana haɗa su kunne cikin kunne, ana iya canja kai a bakin kogi cikin minti biyu ba tare da an taɓa faifan naɗi ba. Mutanen Suwidin da Norwe ne suka raya wannan tsari; Göran Andersson na Suwidin shi ne aka fi dangantawa da salon jifar da hannun ƙasa ke jan ragamarta. A nan ne zaɓin gaske yake, kuma hanya uku ce.

Ta farko ita ce kai mai yawo a sama wanda ake canja masa baki. Kana sayen jiki ɗaya da jakar bakuna, galibi masu ƙafa 10 zuwa 15: mai yawo, matsakaici, lamba 3, lamba 6, wani lokaci har lamba 8. Wannan shi ne abin da mai kanti zai fara miƙo maka, kuma ba ƙarya yake yi ba idan ya ce zai kai ka daga Fabrairu har Satumba. Yana da sauƙin ɗagawa, tunda mafi yawansa a sama yake. Kana ganinsa, kana iya gyara masa kwanciya bayan ya faɗi, ka jefa cikinsa sama da gudun ruwa don ƙudan ya sami lokacin nutsewa. A wurin da duwatsu suka yi yawa kusa da gaɓa, shi ne ke raba ka da asarar ƙudaje. Rauninsa shi ne abin da na faɗa a baya. Jikin yana cikin ruwa mai gaggawa. Ka sa masa baki lamba 6, bakin zai nutse, amma da igiyar ta miƙe sai jikin ya riƙa ɗago shi, ƙudan ya taso ya kuma ƙara gudu. Idan kogi ya sauka, ruwan bai wuce ƙugu zuwa ƙirji ba, wannan ba matsala ba ce. Idan kogi ya cika yana tafe da ƙarfi, za ka wuni kana jifa mai kyau a saman kawunan kifayen da ba su ma san ka zo ba.

Ta biyu ita ce kai mai nutsewa gaba ɗayansa, mita 10 zuwa 12 ga sanda irin ta yaron. A nan zuciyata take, kuma zan daɗe a kai. Na da can nauyi ɗaya ne daga gindi har baki, kuma suna da aibi: tsakiyar igiya ta fi kauri, sai ta riga siririn bakin nutsewa, igiyar ta yi ciki a ƙasa, ƙudan yana sama, ta kama dutse kifin bai ga komai ba. Na yanzu an gyara su. Ana yin kai ɗaya da nauyi biyu ko uku, gindin yana nutsewa a hankali, tsakiya ta fi shi, baki ya fi kowa. Za ka ga an rubuta lambobi uku a jere, kamar 1/3/5. Kamfanin Guideline na Norwe ya yi fice a irin waɗannan, Rio da Airflo ma suna yi. Amfanin wannan jeri biyu ne. Igiyar tana gangarawa a miƙe daga bakin sanda zuwa ƙuda, don haka ko taɓawa kifi ya yi za ka ji a hannunka. Sannan gindin da ke kusa da sama yana sauƙaƙa ɗagawa: ka janyo jela har kan ya iso bakin sanda, ka ɗaga a hankali, in ya yi nauyi ka mirgino shi sau ɗaya, ka jefa. Ba wahalar Wet Cel ba ce ko kusa.

Ranar da na fara ganin bambancin ba na mantawa da ita. Mu biyu ne a gurbi ɗaya a watan Maris, ruwa ya ƙaru da dare, ya yi launin shayin da ba a sa wa madara ba. Na bi gurbin daga sama har ƙasa da kai mai yawo da baki lamba 6, ban ji komai ba. Dattijon nan ya ce in tsaya in kalli inda igiyata take bayan daƙiƙa goma da faɗuwa, sannan in kalli tasa. Tawa ta riga ta kai rabin hanya zuwa gaɓa. Tasa, mai nutsewa, ko kashi ɗaya cikin uku ba ta yi ba. Ƙuda iri ɗaya muke da shi, wanda ake kira Willie Gunn, an ɗaura shi a kan ɗan bututun tagulla don ya yi nauyi. A bayana ya bi gurbin, a kan duwatsun da na taka, ya ɗaga kifi. Ya ce da ni, "Naka ya wuce su da gudu ne, ɗana." Tun daga ranar ban ƙara shiga kogin sanyi ba tare da irin wannan kai a jakata ba.

Ba shi da tsarki daga aibi. Da ya nutse shi ke nan, ba ka da ikon gyara shi. Duk dabararka sai ka yi ta kafin ya faɗi ko a daƙiƙar farko. A ƙarshen zagayensa, inda ruwa ke mutuwa kusa da gaɓa, yana ci gaba da nutsewa, in ka yi sanya ya shige tsakanin duwatsu, wani lokaci ba ƙuda kaɗai za ka rasa ba, rigar igiyar ma ta yage. Kuma kowane kai zurfinsa ɗaya ne, wanda ke son zurfi uku sai ya sayi uku. Nan ne kuɗi ke tafiya.

Ta uku ita ce Skagit, sunan wani kogi ne a jihar Washington ta Amurka, inda masu kamun kifin steelhead, wani ɗan'uwan salmon, irin su Ed Ward, suka ƙirƙiro ta a wajajen shekarun 1990. Gajeren kai ne mai kauri, ƙafa 20 zuwa 26, ba a amfani da shi sai da baki. Bakunan nasa an cusa musu garin ƙarfen tangistin, ana kiransu T-8, T-11, T-14, T-17, kuma lambar a nan ba gudun nutsewa ba ce, nauyin ƙafa ɗaya ce a ma'aunin giren. Ƙafa 15 ta T-14 giren 210 ke nan, wajen giram 13 da rabi, tana nutsewa inci 8 zuwa 9 a daƙiƙa. Wannan babbar mota ce ta ɗaukar kaya. Bututun tagulla mai inci 2 ko 3 da zai gagari sauran igiyoyi, Skagit za ta tumɓuke shi daga ruwa ta aika da shi. Idan itatuwa sun tsaya a bayanka babu fili, ita ce. Mai koyo ma ya fi saurin kama hannunta, don nauyin a dunƙule yake, yana jinsa. Amma faɗuwarta a ruwa da ƙara take, a ruwa mai tsabta da ya sauka tana korar kifi. Jelar da za ka riƙa janyowa bayan kowace jifa ta fi yawa, yatsu a jiƙe cikin sanyin da ko hunturun arewa bai kama ƙafarsa ba. Kuma in jikin mai yawo ne, matsalar gudun nan tana nan, har ta fi, saboda kaurinsa ruwa ya fi samun abin turawa. Shi ya sa kamfanoni suka fito da Skagit mai jiki matsakaici ko mai nauyi biyu zuwa uku. Wanda zai sayi Skagit don ruwan sanyi, wannan ya nema.

Kowacce ka zaɓa, akwai abu biyu da ke ɓata ta. Na farko nauyi. Rubutun 9/10 a gindin sanda bai isa ba, don kamfanoni ba su yi baki ɗaya a kansa ba. Nemi giram. Sanda mai ƙafa 14 irin wannan galibi tana son kai mai giram 36 zuwa 40, Skagit kuma a ɗan ɗara, ban da nauyin bakinta. In ya yi sauƙi sandar ba za ta tanƙwara ba, za ka yi ta dukan iska da kafaɗa. In ya yi nauyi sandar ta durƙushe. Na biyu zaren lailon da ke tsakanin baki da ƙuda. A igiya mai yawo ana sa shi da tsawo, amma a mai nutsewa kada ya wuce mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ka sa dogon zare, igiyar tana ƙasa ƙudan yana shawagi a sama, kuɗin da ka kashe ya tafi a banza. Kuma ka tuna idon salmon sama yake kallo, ƙuda ya bi ta saman kansa kaɗan ya fi ya bi ta ƙarƙashinsa. In kana taɓa dutse a kowace jifa, ka yi nauyi, sauka lamba ɗaya. In ka wuni ko sau ɗaya ba ka taɓa ba a ruwan Fabrairu, ka yi sauƙi.

Akwai masu tambayata ko waɗannan kaya suna da amfani a nan gida. Suna da shi. Ƙasa da madatsar Kpong, wajen Akuse har zuwa Sogakope, Volta tana da faɗi da gudun da doguwar sanda ke so, can nake zuwa in motsa hannu, kuma tsage da giwan ruwa ba sa ƙin ƙuda mai ƙyalli da ya nutse. Sai dai igiyar salmon don ruwan sanyi aka yi ta. A zafinmu tana laushi, tana manne wa zobba, jelar tana cukurkuɗewa. Kada a bar ta a but ɗin mota da rana, kada a taɓa ta da hannun da aka shafa wa maganin sauro mai DEET, yana cin rigar robar PVC da ke jikin igiyar. Igiyoyin Airflo da robar poliyuretan ake yinsu, sun fi jure wannan. In an je Ada inda ruwan gishiri ke shigowa, a wanke komai da ruwan famfo a ranar. Kuma ina roƙon 'yan'uwa, a yi jifa daga kwalekwale ko daga gaɓa, ko a sa dogon takalmin roba. Tsargiya tana cikin ruwan Volta, na ga abin da ta yi wa mutane.

To, ga abin da na ce wa yaron. Da kuɗin farko ya sayi jela mai kyau da kai mai yawo mai jakar bakuna, giram 38, domin shi ne zai koya masa jifa kuma shi zai yi masa aiki daga Afrilu zuwa ƙarshen kaka. Da kuɗi na biyu kada ya ƙara baki, kada ya sayi Skagit tukuna. Ya sayi kai ɗaya mai nutsewa mai nauyi uku, wanda bakinsa ya tsaya a lamba 3 ko 4, nauyinsa daidai da na farkon. Dee ba ta da zurfin Tay, 1/3/5 zai yi masa yawa sai ranar ambaliya. Skagit ta jira ranar da zai je babban kogi da manyan bututai, ko ya sami wurin da itatuwa suka hana shi sakewa. Na kuma tuna masa cewa ba a kamun salmon ranar Lahadi a Sikotilan, kuma a Dee duk kifin da aka kama mayar da shi ake yi, don haka ya jiƙa hannu kafin ya taɓa shi, kada ya fitar da shi daga ruwa.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, na biyun fa sai dai wata mai zuwa." Na ce ya bar shi. Ina da kawuna uku a akwati da rubutunsu ya goge tun tuni. Washegari na kai su wurin wani maƙerin zinariya a Zongo Lane ya ɗora mini su a sikelinsa ɗaya bayan ɗaya: giram 34, giram 42, giram 38. Na dawo gida na cika baho da ruwa na saka na ukun, na ga bakinsa ya riga gindinsa sauka. Na shafe shi, na naɗe, na rubuta nauyin a takarda na manna, na ba wani maƙwabcinmu da zai tashi zuwa Ingila ranar Alhamis ya aika masa ta gidan waya.